Don Allah a taimaka: yaya ake yanke talla daga shirin talabijin da aka yi rikodin ba tare da hoto ya lalace ba?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Masu ilimin kwamfuta a cikinmu don Allah ku agaza min, abin nan ya isheni. Ina da dikoda irin ta tashoshin kyauta ɗin nan, tana da wurin saka filash a baya, in ka danna jan maɓalli a rimot sai ta fara ɗaukar duk abin da ake nunawa. To akwai wani shirin namun daji da ake yi duk mako, yarana suna masifar sonsa, sai nake ɗauka in ajiye musu tunda lokacin da ake sa shi sun riga sun yi barci. Damuwar ita ce talla. Shirin awa ɗaya ne amma in ka cire talla da ƙyar ya kai minti 45, sau huɗu ake katse shi, kuma abu ɗaya ake ta maimaitawa, har ƙaramar ta haddace waƙar wani tallan sabulu fiye da yadda ta haddace sunayen dabbobin.

Na kwashe fayil ɗin zuwa laftof ɗina, duk sunayensu da .ts suke ƙarewa, na awa ɗaya kusan giga 3 da rabi. Na sauke wata manhajar haɗa bidiyo, ba sai na kama sunanta ba, na zauna na yayyanke tallan na danna fitarwa, wallahi sai da ta yi awa uku tana aiki fanka na ta ihu kamar za ta tashi sama, da ta gama kuma sai na ga hoton ya dushe, duk inda zaki ya ruga da gudu sai wasu layuka layuka kamar haƙoran matsefi su fito a gefen jikinsa, ga murya ta zame, mutum ya gama magana ya rufe baki sannan maganar take zuwa.

Laftof ɗin tsohuwa ce, Core i3, RAM giga 4, Windows 10. Tambayata, akwai hanyar da zan yanke kawai ba sai an juya bidiyon gaba ɗaya ba? Sannan akwai manhajar da take gano tallan da kanta? Don guda 30 ne a ajiye yanzu haka, in kowanne awa uku zai ci ai sai yaran sun girma ban gama ba.

Injiniya Bala:

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Laftof ɗinka ba ta da laifi ko kaɗan, aikin da ka ba ta ne ba shi ake bukata ba. Irin waɗancan manhajojin suna warware kowane hoto ne su sake matse shi sabo. Lissafa ka gani, hoto 25 ne a sakan ɗaya, minti 45 ya zama hoto 67,500 kenan, kowanne sai furosesa ta buɗe shi ta sake ƙulle shi, dole ta yi zafi, kuma duk matsewar da aka ƙara sai kwaliti ya ragu. Kai abin da kake so shi ne a kwafe sassan da kake bukata yadda suke a manne su, ba a taɓa hoton ba. Wannan minti biyu ko uku ne, gudun had dis ɗinka kawai yake jira.

Amma akwai abu ɗaya da dole ka gane in ba haka ba za ka sha wahala. A bidiyon talabijin ba kowane firam, wato kowane ɗaya daga cikin hotuna 25 ɗin nan, ne cikakken hoto ba. Ana aiko cikakke guda ɗaya, shi ake ce wa I-firam, sai waɗanda suke biye da shi, su P da B, su ba hoto ba ne, bayanin abin da ya canza ne kawai, wato zaki ya matsa hagu kaɗan, ciyawa tana nan inda take, sama ba ta canza ba. A tsohon tsarin MPEG-2 kusan duk rabin sakan ake samun cikakken, a H.264 da yawancin tashoshin HD suke amfani da shi yakan kai sakan ɗaya ko biyu, ya danganta da tashar. To in ka yanka ka fara daga firam ɗin da ba cikakke ba, ka bar shi yana jingine da hoton da ka riga ka zubar, shi ya sa za ka ga toka toka ko murabba'ai sun watse a allo na ɗan lokaci. Ƙa'idar ita ce farkon duk sashen da za ka ajiye ya faɗa kan cikakken firam. Ƙarshen sashe bai cika ba da matsala ba.

Ka nemi Avidemux, kyauta ce kuma ba ta da nauyi. In ka buɗe fayil ɗin .ts za ta ɗan tsaya tana karanta shi, ta ajiye wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da .idx2 a folda ɗin, kar ya tsorata ka, jerin wuraren firam ne kawai. Duba gefen hagu, wajen bidiyo ka bar shi a Copy, wajen sauti ma Copy, wannan shi ne duk sirrin, in ka canza su ka koma gidan jiya. Wajen fitarwa ka zaɓi MKV. Kibiyar sama da ta ƙasa a kibod suna tsallaka da kai daga cikakken firam zuwa na gaba, ta hagu da ta dama kuma firam ɗai ɗai. Ja sandar ƙasa har ka zo inda talla ya fara, daidaita da kibiyar dama, danna A. Sai ka wuce gaba inda shirin ya dawo, nan kam da kibiyar sama ko ƙasa kaɗai za ka tsaya, danna B, sannan Delete. Haka za ka yi wa duka huɗun sai ka yi sebin da sabon suna. Akwai ma maɓallin neman baƙin firam a ƙasa, tunda tashoshi da yawa suna saka ɗan duhu tsakanin shiri da talla yana saurin kai ka wurin.

Abin da za ka haƙura da shi, cikakken firam ba kullum yake faɗawa daidai inda kake so ba. Ko dai ka bar wutsiyar talla ta rabin sakan, ko ka rasa sakan ɗaya na shirin. Ni dai na fi barin wutsiyar, musamman in mai bayani ya fara magana nan take. In tashar tana nuna allon sunan shirin kafin ta dawo to ka huta, yanka a cikin allon nan babu wanda zai lura.

Maman Sadiq:

Injiniya ya gama magana, ni dai ƙari zan yi. Avidemux ta rikita ni da farko gaskiya, sai na koma LosslessCut, ita ma kyauta ce, kuma aikinta kenan guda ɗaya yanka ba tare da juyawa ba. Kana kallo kana danna I a farkon abin da kake so O a ƙarshensa, ka ƙara sashe na biyu na uku, wajen fitarwa ka ce ta haɗe su wuri ɗaya. In ma tallan ka fi ganewa ka yi musu alama su, akwai maɓallin da yake juya zaɓin ya zama su za a zubar.

Dalilin da ya sa na tsaya a kanta shi ne rubutun fassara na ƙasan allo. Mahaifiyata ba ta ji sosai yanzu, da rubutun take bin shiri, na yanke mata wajen guda shida da Avidemux na kai mata sai ta ce ina rubutun, ashe Avidemux ba ta ɗaukarsa sam, kuma na riga na goge na asalin. Ranar kam na ji haushin kaina. A LosslessCut akwai inda ake nuna maka duk abubuwan da ke cikin fayil, bidiyo, sauti ɗaya ko biyu, rubutu, ka tabbata rubutun yana kunne, kuma ka fitar a MKV ko ka bar shi a TS ɗinsa, kar ka zaɓi MP4 don rubutun talabijin irin na DVB hoto ne ba haruffa ba, ni dai a MP4 bai taɓa shigar min ba. Kuma don Allah kar ka goge na asali sai ka kalli sabon, ko da tsallake tsallake ne har ƙarshe.

Baban Ummi:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri! Injiniya na gwada yanzu, wallahi ko minti uku bai kai ba, har na ɗauka bai yi ba sai da na buɗe na ga hoto tas kamar daga tasha. Sau ɗaya ta yi min gargaɗi wai wurin yankan ba kan cikakken firam yake ba, na koma na gyara B ɗin da kibiyar sama shi kenan. Maman Sadiq na gode, ban goge komai ba tukuna.

Sai dai wasu sun ƙi. Akwai ranakun da na bar dikodar ta yi ta ɗauka har kusan awa biyu, waɗannan ta raba su gida biyu 000.ts da 001.ts, kuma rabuwar tsakiyar shirin ta faɗa. Sannan guda ɗaya daga farko murya daidai take amma daga wajen minti 20 sai ta fara makara har ƙarshe, na tuna ranar an yi ruwa sigina ta ɗan ɗauke. Wani kuma a laftof yana da sauti amma da na saka a talabijin shiru kake ji. Ko ni ne na taɓa wani abu?

Kawu Sale:

Ɗana ba kai ka taɓa komai ba, halin fayil ɗin TS ne. Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya, ka yi haƙuri da tsawon bayani, tsufa ne.

Rabuwar fayil daga filash ɗinka ne. In an yi masa fomat da FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, shi ya sa dikoda take datsewa ta buɗe sabo, wasu ma tun kafin su kai haka suke datsewa. Datsewar ba ta ɓata komai, kamar igiya ce aka yanka, in ka haɗa bakin ta koma yadda take. Kar ka yanke talla a kowanne daban sannan ka haɗa, fara haɗawa. A Windows buɗe cmd a cikin folda ɗin ka rubuta

copy /b 000.ts+001.ts cikakke.ts

amma ka yi shi a kan laftof, ba a kan filash ɗin ba, in ba haka ba giga 4 ɗin nan za ta sake tare ka. Avidemux ma in ta ga sunaye masu bin lamba takan tambaye ka ko ta ɗauko su gaba ɗaya, ka ce mata eh.

Ta muryar ita ce mai ɗan wuya. An yi TS ne don watsawa ta iska, ƙananan ƙulli ne masu bayit 188 kowanne suna ta zuwa a jere, hoto da sauti a cakuɗe, kuma an buga wa hoto da sauti lokacin da ya kamata a nuna kowanne. In ruwan sama ya ɗauke sigina wasu ƙullin sun ɓace kenan har abada, dikoda ba ta damuwa, lokacin da aka buga take bi sai ta tsallake ta ci gaba. Amma in aka sake zuba su a wani mazubin, in hoton da ya ɓace da sautin da ya ɓace ba tsawonsu ɗaya ba, daga nan sai su rabu, shi ya sa naka daga minti 20 ya fara ba daga farko ba. Ka bambance biyu. In makarar iri ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe wannan mai sauƙi ce, buɗe a VLC ka riƙa danna J ko K, kowace dannawa tana matsar da sauti da milisakan 50, in baki da murya sun haɗu ka rubuta lambar ka saka ta a akwatin Shift da ke ƙarƙashin sauti a Avidemux. In kuwa a tsakiya ta fara kamar taka, hanya mafi sauƙi ka je wurin da hoton ya farfashe ka yanke shi kamar talla, sakan biyar kafin da sakan biyar bayan, sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In ya ƙi sai FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da ake rubuta wa umarni a cmd:

ffmpeg -i cikakke.ts -c:v copy -af aresample=async=1 -c:a aac gyararre.mkv

Wannan bai taɓa hoto ba, sauti kaɗai yake sake yi yana cike gurbin da ya ɓace da shiru, kuma sauti ba shi da nauyi, ko tsohuwar laftof ba za ta daɗe ba. Sai ka yanke tallan a kan gyararren.

Na ukun da ya yi shiru a talabijin, sauke MediaInfo ka duba wane irin sauti ne a ciki. Ko dai nau'in da talabijin ɗinka ba ta karantawa ne daga filash, AC3 yakan yi wa wasu haka, ko kuma tashar tana canzawa, talla da sitiriyo shiri da 5.1. In rikodin ɗin a cikin talla ya fara sai a rubuta wa fayil ɗin sitiriyo a goshi, da shiri ya shigo da tashoshin sauti shida sai na'urar ta rikice. Maganinsa ka fara datse farkon yadda fayil zai soma a cikin shirin, ka ajiye a TS, ka sake buɗe shi sannan ka yi sauran aikin. In nau'in ne matsalar, a Avidemux bar bidiyo a Copy ka canza sauti kaɗai zuwa AAC.

Ɗan_Kwamfuta:

Kowa ya manta tambayarsa ta biyu lol, wato mai gano talla da kanta. Akwai oga, sunanta Comskip, ita ce ma manhajojin bidiyo irin su Plex da MCEBuddy suke amfani da ita a ƙarƙashi, MythTV kuma tana da nata daban. Ba wai ta san talla ba ne fa, alamu take bi, baƙin firam, wurin da sauti ya ɗauke, ɓacewar tambarin tasha daga kusurwar allo, canjin faɗin hoto daga 16:9 zuwa 4:3, sai ta haɗa su ta ce wannan tsakanin talla ne. A fayil ɗin comskip.ini akwai layin detect_method, lambobi ake tarawa, 1 baƙin firam 2 tambari 32 faɗin hoto 64 shiru, in tasharka ba ta cire tambarinta lokacin talla sai ka cire 2 daga lissafin don ba abin da zai amfana maka. Akwai kuma min_commercialbreak da max_commercialbreak inda za ka gaya mata mafi gajarta da mafi tsawon hutun talla a sakan.

Ita kanta ba ta yanka komai, wannan ne nake so da ita. In ka sa output_edl=1 za ta ajiye ɗan fayil ɗin rubutu mai suna ɗaya da bidiyon amma ya ƙare da .edl, in ka buɗe da Notepad za ka ga layuka kamar

612.40 795.00 3

wato daga sakan 612 zuwa 795 talla ne. In da manhajar kallon bidiyo ta Kodi kake kallo ka ajiye shi a folda ɗaya da bidiyon kawai, da an zo wurin za ta tsallake da kanta, 3 ɗin nan yana nufin ta tsallake amma in ka koma baya za ka iya ganin abin, in 0 ne kuma kamar babu wurin gaba ɗaya. Ni yanzu ko yanka ba na yi, in na kalla in goge. Kai tunda ajiya kake so, LosslessCut tana karɓar fayil ɗin edl, sai sassan su fito maka a jere ka duba bakin kowanne ka gyara sannan ka fitar.

Amma kar ka kuskura ka bar ta ta yanke ba ka duba ba, musamman shirin dabbobi. Na taɓa haɗa ta da wata ƙaramar sikirif, wato jerin umarni da kwamfuta ke bi da kanta, tana yankewa tana goge na asali da dare ina barci, ina jin kaina gwani, sai ga wani shiri da aka nuna damisa tana farauta cikin dare, allo baƙi ƙirin babu kiɗa babu magana, tambarin tashar ma mai shara shara ne bai fito ba, ta ɗauka talla ne ta zubar da wajen minti huɗu, na ga damisa tana laɓe sai kawai na ganta tana lashe baki. A wani kuma ta bar tallan tashar na shirye shiryen gobe tunda da tambari a jikinsa. Sannan ka sani sai ta karanta bidiyon gaba ɗaya kafin ta ba da amsa, a i3 da HD zai ɗauki lokaci, gara ka jera mata su da dare. Irin tallan da yake bi ta ƙasan allo ko ya matse hoton gefe ana cikin shiri kuwa babu manhajar da za ta cire shi, ya riga ya zama jikin hoton.

Injiniya Bala:

Ɗan_Kwamfuta gaskiyarka, amma ga guda 30 masu hutu huɗu huɗu ni ina ganin kafin ya gama daidaita setin Comskip da tasharsa ya yanke rabi da hannu. In hannu ya saba minti biyar ne kowanne. Ga mai ɗaukar shiri kullum ne take biyan wahalarta.

Na manta ban amsa batun haƙoran matsefin ba. Tashoshi da yawa 1080i ko 576i suke watsawa, wato kowane hoto rabi biyu ne, layukan mara da na cika, ana ɗaukarsu a lokaci daban, rabi 50 a sakan. Talabijin tana haɗe su da kanta shi ya sa ba ka taɓa gani a can ba, kwamfuta kuwa sai an gaya mata. In a VLC ka gansu danna D kawai. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Waccan manhajar taka matse su ta yi tare da layukan, shi ya sa suka zauna daram.

In wuri ne ya ƙare maka, lissafin shi ne bayan cire talla kowanne zai dawo kusan giga 2.6, guda 30 wajen giga 80. In ya yi yawa sai HandBrake, manhajar matse bidiyo, amma bayan yanka, kar ka ɓata wuta wajen matse tallan da za ka zubar. Kunna Decomb ko Yadif a wajen tacewa don cire layukan nan, RF wato lambar kwaliti ka sa 20 zuwa 23, in ka sauko da shi 720 zai ragu sosai, duk da ciyawa da ruwa da gashin dabba suna da wuyar matsuwa. Tsaya a H.264, H.265 ya fi ƙanƙanta amma tsofaffin dikoda da talabijin ba sa buɗe shi kuma laftof ɗinka za ta kwana tana yi. Da can masu son yanka daidai kan firam VideoReDo suke amfani da ita, tana sake matse 'yan firam ɗin bakin yanka kawai ta kwafe sauran, amma tun da mai ita ya rasu aka daina sayarwa. LosslessCut tana da irin wannan da suke kira Smart cut, har yanzu na gwaji ne, wani fayil ya yi wani ya ƙi.

Sabon_Shiga:

slm don Allah nima tambaya, ni da talabijin ɗin kanta nake rikodin a filash ba dikoda ba, amma in na saka a kwamfuta babu abin da yake buɗewa har VLC ɗin, wani lokaci ma kwamfutar cewa take in yi fomat. wace manhaja zan sauke

Kawu Sale:

Kar ka yi fomat ɗin, zai share komai. Yawancin talabijin na zamani suna kulle abin da suka ɗauka ne da makullin da ke cikin ita wannan talabijin ɗin, ko irinta sak ka kai wa ba za ta buɗe ba balle kwamfuta, wasu kuma har tsarin filash ɗin suke mayarwa wanda Windows ba ta karantawa. Dikodar tashoshin biya ma haka take. Ba matsalar manhaja ba ce, da gangan aka yi. In kana son wanda za ka iya gyarawa sai dikodar tashoshin kyauta irin ta Baban Ummi, ko 'yar na'urar kama tasha ta USB da ake sakawa a kwamfuta. Kuma tunda maganar ta zo, ajiyewa don kallon gida daban, ɗorawa a YouTube ko Facebook daban, shirin yana da masu shi, cire talla bai mai da shi naka ba.

Baban Ummi:

Na dawo da rahoto. Na gama 22 cikin 30 a kwana uku, da hannu, Injiniya ya yi gaskiya hannu yana sabawa, har na gane tashar kusan a daidai lokaci guda take zuwa hutu kowane mako sai in ja sandar kai tsaye wurin. Kawu copy /b ɗin ya yi aiki, ko alamar haɗi babu. Wanda ya yi shiru ashe AC3 ne, na mai da shi AAC ya yi magana. Comskip na gwada a guda biyu don in gani, ɗaya ta kama duka huɗun ɗaya kuma ta haɗa da waƙar buɗe shirin, na bar ta tukuna sai na samu sarari. Ummi kuwa da muka kalli na farko tambayata ta yi wai ina waƙar sabulu ta tafi.

Abu ɗaya da na gano ko zai amfani wani, dikodata ba ta buɗe MKV ɗin, talabijin ce kawai take buɗewa, da na fitar a TS sai duka biyun suka karɓa, don haka TS nake yi yanzu. Na ranar ruwan nan har yanzu yana makara kaɗan ko da na yanke wurin, ashe sau uku siginar ta ɗauke ba sau ɗaya ba, gobe zan gwada layin FFmpeg ɗin. Kawu in na mai da filash ɗin NTFS dikodar za ta daina raba fayil?

Kawu Sale:

Wasu suna dainawa, wasu an riga an gina su da rabawa ko wane fomat ka ba su. Kwashe komai zuwa laftof tukuna, ka yi fomat ɗin, ka bar ta ta ɗauki awa ɗaya da rabi na kowace tasha ta HD ka gani. In ta ƙi ganin filash ɗin gaba ɗaya ka shiga menu ɗinta ka bar ta ta yi masa fomat da kanta.